Yadda na je Zermatt daga Legas ban taɓa jarin shago ba

Tun da abokan kasuwa a Ikeja da maƙwabta a Agege suka ga hotunana a WhatsApp ina tsaye cikin dusar ƙanƙara, ga wani dutse mai tsini a bayana, tambaya ɗaya ake ta yi mini: Alhaji, nawa ka kashe? Garin sunansa Zermatt, yana kudancin ƙasar Suwizalan dab da iyakar Italiya, kuma yana cikin wuraren da masu hannu da shuni na Turai ke zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara lokacin hunturu. Tsadarsa ba ƙari ba ne. Sai dai na lura a wuri uku ta taru: gadon kwana a cikin garin, abincin gidajen cin abinci, da shi kansa wasan zamiyar. Wanda ya kauce wa biyun farko, ya ɗan taɓa na ukun daidai ƙarfinsa, zai je ya dawo aljihunsa bai yi kuka ba. Ni kayan waya nake sayarwa, ba attajiri ba ne, kuma a watan Janairun 2025 na yi tafiyar. Farashin da zan ambata na lokacin ne.

Zaɓen lokaci shi ne farkon aikin. Daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara garin a cike yake maƙil, haka ma watan Fabrairu lokacin hutun makarantunsu. Tsakanin biyun akwai 'yan makonni a Janairu da mutane ke komawa bakin aiki, farashin ɗakuna ya ɗan sauka, ga ƙanƙarar kuwa tana nan. Su na nufa. Tun a watan Oktoba na fara haɗa takardu, domin dokar bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga ƙasashen Turai da dama, ta yarda mutum ya nema tun saura wata 6 tafiya, kuma samun ranar ganawa a Legas kafin ƙarshen shekara sai an yi da gaske. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma ta shiga tsarin Shengen tun 2008, don haka bizar iri ɗaya ce da ta Faransa ko Jamus. Abin lura shi ne, ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita za ka nema wa biza. Wani abokina ya ce in nemi ta wata ƙasa daban wai ta fi sauƙi, in ya so in tsallaka. Na ce masa a'a, ban ga dalilin da zan je bakin iyaka ina kame-kame ba.

Takardun da na haɗa su ne fasfo mai sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, fom ɗin da aka cike ta intanet, hotuna masu farin bango, takardar rajistar kasuwancina, shaidar biyan haraji, bayanan asusun banki na watannin baya da tambarin banki a kowane shafi, shaidar ajiye kujerar jirgi, shaidar masauki, da inshorar lafiya ta tafiya wadda dole ta kai Yuro 30,000 kuma ta yi aiki a duk ƙasashen Shengen. Na ƙara da takardar aure da na haihuwar yara, saboda abin da suke son gani shi ne kana da abin da zai dawo da kai gida. Na kuma rubuta wasiƙa gajera da ke cewa ga inda zan sauka, ga inda zan kwana, ga ranar da zan tashi. Hukumomin Suwizalan suna lissafin cewa baƙo na buƙatar faran 100 (faran shi ne kuɗin ƙasarsu) a kowace rana, kuma a lokacin faran ɗaya ya haura naira 1,600. To ka ga dole asusun ya nuna wannan kuɗin, kuma ya nuna cewa shiga da fitar kasuwa ce ta tara shi. A nan ne masu kiran kansu ajan suke cutar mutane. Wani ya same ni har shago ya ce zai zuba mini miliyoyi a asusu na kwana biyu, ya kuma haɗa mini takardar otal ta bogi. Kuɗin da ya faɗo asusu dare ɗaya shi ne abu na farko da mai duba takardu zai tsaya a kai, kuma idan aka hana ka biza ana rubutawa a rumbun bayanan da duk ƙasashen Shengen ke gani. Na sallame shi da fatan alheri. Masaukin da na kama na gaske ne, irin wanda ake iya fasawa ba tare da asara ba, tikitin jirgi kuwa ban biya ba sai da biza ta fito.

Ranar ganawa na fita bayan sallar asuba saboda cunkoson hanya. Ba ofishin jakadanci ake zuwa kai tsaye ba, akwai kamfanin da ke karɓar takardu a madadinsu. A bakin ƙofa aka duba takardar alƙawarin, aka ba ni lamba, na zauna jira har hantsi ya dubi ludayi. Zaman jiran nan ya fi komai cin rai, kowa ya rungume fayil ɗinsa yana sake ƙirga takardu. Da aka kira ni, wata ma'aikaciya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ce hoton wani shafi na tsohon fasfona bai fito sosai ba, na sake yi a nan cikin ginin a farashin da ya ninka na waje. Aka ɗauki zanen yatsuna goma da hoto. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ana karɓa da naira, sannan ga ladan kamfanin daban, kuma ko an ba ka ko an hana ka ba a mayarwa. Za a yi maka tayin ɗakin jira na musamman da saƙon waya da kawo fasfo har gida, duk da kuɗinsu, kuma babu wanda ke ƙara maka damar samun biza a cikinsu. A ƙa'ida kwana 15 ake yanke hukunci, amma yana iya kaiwa 45. Nawa ya shiga mako na uku. Da na buɗe ambulan na ga an ba ni shiga sau ɗaya, da 'yan kwanaki kaɗan a kan waɗanda na nema, sai da na yi sujadar godiya a bayan kanta.

Daga nan sai kayan sanyi, kuma a nan Legas ta yi mini rana. Jaket ɗin da ake sayarwa ɗaruruwan faran a can, gwanjonsa na nan jibge a kasuwar Katangowa ta wajen Abule Egba, babu mai nema saboda zafin garinmu. Na ɗaga wata mai kyau, sai mai kayan, wani dattijo, ya ce, "Alhaji, ajiye wannan, iyakarta sanyin Jos. In ƙasar ƙanƙara za ka, ga wadda aka cusa wa gashin tsuntsu." Ya kuma sa na sayi takalmi mai kaurin ƙasa da ruwa ba ya shiga, wanda ya ɗan fi ƙafata girma don safa biyu su samu wuri. Na haɗa da riga da wando na ciki masu kama jiki, safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne, da baƙin tabarau, domin hasken rana a kan farar ƙanƙara yana kashe ido. Duka kayan ba su kai kuɗin cin abinci sau biyu a Zermatt ba. Uwargida ta so ta cika mini jaka da kilishi da dambun nama, na ce ta yi haƙuri, an hana matafiyi shigar da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, a filin jirgi za a ƙwace. Sai ta haɗa mini garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, yaji, ganyen shayi, taliyar Indomie da fulas. Batun kuɗi kuwa, a lokacin katin naira ba ya aiki a waje, don haka na zuba dala a asusuna na kuɗin waje na karɓi katinsa, na riƙe 'yan Yuro a hannu daga wurin 'yan canji. Kusan komai a can da kati ake biya, har kofin shayi.

Na tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed, na yada zango a Santambul, na sauka Jeneba da safe. Jami'in shige da fice ya tambaye ni ina za ni, kwana nawa, ina zan kwana. Na miƙa masa takardar masauki da tikitin dawowa da inshora, waɗanda na buga a takarda na riƙe a hannu maimakon in dogara da waya, ya buga tambari. Tashar jirgin ƙasa tana nan a jikin filin jirgin. Jirgin ƙasan Suwizalan yana da tsada ƙwarai: daga Jeneba zuwa Zermatt a aji na biyu kusan faran 100 ne zuwa kaɗai. Tun ina gida na sayi katin rabin kuɗi na baƙi, faran 120 na wata guda, wanda ke raba kuɗin kusan kowane jirgin ƙasa biyu, har da na hawa duwatsu da yawa. Na yi lissafi da biro kafin in saya: zuwa da dawowa, hawa dutse sau ɗaya, da zirga-zirgar kullum tsakanin masauki da gari. Ya fitar da kuɗinsa har da ɗan rara, amma wanda ba zai hau dutse ba ya sake lissafi. Akwai kuma tikiti masu rangwame a manhajar SBB, kamfanin jiragen ƙasar, sai dai na jirgi guda ne a ƙayyadadden lokaci, in jirgin samanka ya makara sun tafi. Na ajiye irinsu don ranar dawowa.

Tafiyar wajen awa huɗu ce. Jirgin ya bi gefen tafkin Jeneba, ya shiga kwarin kogin Rhône, na sauka a Visp na canza zuwa wani jan jirgi ƙarami da ke hawa cikin kwazazzabo. Ban kai Zermatt ba na sauka, a wani ƙauye da ake kira Täsch, kilomita 5 kafin garin. Wannan ita ce babbar dabarar tafiyar gaba ɗaya. Ba a shiga Zermatt da motar fetur, duk mai mota a Täsch yake ajiye ta ya hau jirgin jigila da ke tashi kowane minti 20, tafiyar minti 12, kuɗinsa bai kai faran 10 ba, da katina kuma rabi. Ɗakin da na samu a Täsch ƙarami ne amma da ɗumi, da wurin girki da ake tarayya, kuma kuɗinsa bai kai rabin mafi arhar ɗakin otal da na gani a Zermatt a ranakun ba. Randa da St. Niklaus da ke ƙasa da shi a kan layin su ma ana samu. A cikin Zermatt akwai masaukin matasa mai gadaje da yawa a ɗaki ɗaya, amma yana cika da wuri, ni kuma ina son inda zan shimfiɗa dardumata ba tare da na takura wa kowa ba. A sa a lissafi cewa ana ƙara ɗan harajin baƙi a kan kowane dare. Sannan soket ɗinsu daban yake da namu, kan cajarmu mai ƙafa uku ba ya shiga, a tafi da mahaɗi daga gida.

Washegari na shiga garin. Da fitowa daga tasha sai ga ƙananan motocin lantarki masu kama da akwati suna ɗaukar baƙin otal, da keken doki na manyan otal. Babban titin, Bahnhofstrasse, cike yake da shagunan agogo da ba a ma tambayar farashinsu. Garin yana kan tsayin mita 1,600 da ɗoriya, wato ya fi Jos bisa, kuma da ƙafa ake gama shi. Abin da ya kawo kowa shi ne dutsen Matterhorn mai tsayin mita 4,478, wanda aka daɗe ana ganin hotonsa a kwalin cakulan Toblerone. Kallonsa kyauta ne. A kan gadar da ke kusa da coci ake taruwa da sassafe a ga rana ta fara taɓa ƙololuwarsa ta mayar da ita ja, ƙasa kuwa da sauran duhu. Bayan babban titi akwai tsohuwar unguwa mai rumbunan katako da suka yi ɗaruruwan shekaru, an ɗora su a kan ƙafafu da faifan dutse don kada ɓera ya hau, dabara ɗaya da ta rumbun hatsin ƙauyenmu. Kusa da cocin akwai maƙabartar masu hawan dutse. A ranar 14 ga Yulin 1865 ne wani Bature ɗan Ingila, Edward Whymper, da tawagarsa suka fara kaiwa ƙololuwar Matterhorn, su bakwai, huɗu suka faɗa suka mutu a hanyar saukowa da igiya ta tsinke. Igiyar tana gidan tarihin garin. Labarin wannan haɗari ne ya yaɗa sunan ƙauyen a Turai, baƙi suka fara tururuwa.

Abinci kuwa, na leƙa allunan farashi a ƙofar gidajen cin abinci na ga faranti ɗaya faran 30 zuwa 40, wato wajen naira 60,000 kafin a sha ruwa. Na wuce kantin Coop da ke gaban tasha, akwai kuma Migros, na sayi burodi, ƙwai, cuku, shinkafa, kifin gwangwani, tumatir da ayaba. Da safe in soya ƙwai, in cika fulas da shayi, in yi guzurin burodi a jaka, da dare in dafa shinkafa ko taliya in barbaɗa yajin gida. Ruwan famfonsu ana sha, ban sayi na roba ba ko sau ɗaya. Da yamma kantunan kan rage farashin abin da ya kusa kwana, a duba jar alama. Sau ɗaya na zauna a gidan abinci don kada a ce na je ban ɗanɗana ba, kuma sai da na yi tambaya. Narkakken cukun nan da suke alfahari da shi, fondue, da giya ake haɗa shi. Soyayyen dankalinsu da ake kira rösti kuma sau da yawa da naman alade yake zuwa, sai na ce a yi mini da ƙwai da cuku kawai, aka yi ba musu. Salla ma sai an shirya mata: a Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin 5 da rabi ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa. Na yi ƙasaru a matsayina na matafiyi, ina fita da alwala daga ɗaki, alƙibla kuma kudu maso gabas take.

Kuɗin da na ware na more rayuwa a abu ɗaya na zuba shi, jirgin Gornergrat. Jirgin ƙasa ne mai haƙora da ke hawa dutse tun 1898, tasharsa na fuskantar babbar tasha, kuma cikin minti 33 yake kai mutum tsayin mita 3,089. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Tikitin zuwa da dawowa ya kusa faran 100, na biya rabi. Ranar da na fara niyya gari ya tashi da hazo, ko gidan da ke gabanka da kyar kake gani. Mai masaukina ta nuna mini kyamarorin da ke saman duwatsun, ana kallonsu kai tsaye ta intanet, ta ce kada in sayi tikiti sai na ga sama ta washe. Na jira, kuma da na biya a ranar da farin hayaƙi kawai zan kalla. Wannan ya sa nake ganin kwana ɗaya ko biyu ba sa isa, a bar wa yanayi sarari. Da ta washe na hau, na zauna ta hannun dama inda Matterhorn ke bin taga. A sama ga kogin ƙanƙara na Gorner shimfiɗe a ƙasa, ga Dufourspitze mai mita 4,634, mafi tsayi a ƙasar, ga wasu ƙololuwa birjik. Mutumin da ya taso daga bakin teku kamar ni sai ya taka a hankali, matakala kaɗan na hau na ji numfashi na sama-sama. Sanyin kuma yana shanye batirin waya, sai na riƙa sa ta a aljihun ciki. Akwai wata motar igiya da ke kaiwa Klein Matterhorn, mita 3,883, ta fi tsada, na bar ta.

Shi wasan zamiyar, ga yadda lissafinsa yake. Tikitin hawa na yini ɗaya yana kusan faran 100, yana hawa yana sauka gwargwadon rana da cunkoso. Hayar sandunan zamiya da takalminsu da hular kwano daban, mai koyarwa daban, kuma shi ya fi tsada. Wanda bai taɓa yi ba, yinin farko a faɗuwa da tashi yake ƙarewa a ɗan fili guda, don haka sayen tikitin duwatsu gaba ɗaya asara ce. Akwai filin masu koyo a Sunnegga, inda jirgin da ke bi ta cikin ramin dutse yake kai mutum cikin 'yan mintuna. Na je na tsaya ina kallon yara ƙanana suna wucewa fiu kamar an harba su, na auna shekaruna da gwiwoyina, na tuna kuma inshorar tafiya ba kowacce ce ke biyan raunin wannan wasa ba, ga ɗauko mutum daga dutse da jirgi mai saukar ungulu kuɗi ne na tashin hankali. Mai niyya ya karanta takardar inshorarsa tun a Legas. Ni keken zamiya na katako na ɗauka haya, wanda ake zama a kai a gangaro daga Rotenboden zuwa Riffelberg a layin Gornergrat, ana birki da dunduniya. Na yi ihu kamar yaro, ba na musu. Sauran lokacin kuma na bi hanyoyin ƙafa da ake sharewa lokacin hunturu, irin wadda ke zuwa ƙauyen Zmutt, ba a biyan ko sisi, alamomi a kafe, sai dai a juyo kafin rana ta faɗa bayan dutse domin sanyin da ke biyo baya ba na wasa ba ne.

Da na zauna na tattara lissafi, tikitin jirgin sama ne ya ci kaso mafi girma, sai masauki, sai jiragen ƙasa, sai biza da inshora. Abinci ne ƙarshe. Ma'ana yawancin kuɗin tun a Legas ake kashe shi ko a tsare shi, a wajen zaɓen wata, da sayen tikiti da wuri bayan biza ta fito, da kama ɗaki mai wurin girki a wajen gari. Yayana ya ce, "Kai dai ka je ka sha sanyi da kuɗinka." Na ce, "Yaya, ai kai ma Dubai kake zuwa ka sha zafi da naka." In mutum biyu ne za su tafi abin ya fi sauƙi, tun da ɗaki ɗaya da tukunya ɗaya za su raba.

Wajen dawowa na koma Jeneba tun ana gobe tashi, na kwana kusa da filin jirgi, saboda ƙanƙara kan tare layin kwarin nan wani lokaci, kuma ba na son in wuce ranar da biza ta ƙare ko da awa ɗaya. A duba adadin kwanakin da aka rubuta a jikin bizar, domin su ake bi ko da ranar ƙarewarta da saura. Zanen yatsun da aka ɗauka yana aiki har wata 59, wanda zai sake nema cikin wannan lokaci galibi ba sai an sake ɗauka ba. Tsabar faran da suka rage a aljihu kuma a kashe su a kantin tasha kafin a shiga jirgi, 'yan canjin Legas takarda kawai suke karɓa.